Lissafin da ma'aikaciya ke yi kafin ta kai ƙarar oga

Duk lokacin da labari ya fasu a Kano cewa wani shugaban ofis ko mai shago ya takura wa ma'aikaciyarsa da neman lalata, ita ake fara yi wa tambayoyi. In da gaske ne, me ya hana ta faɗa tun farko? Me ya sa sai da aka sallame ta? Me ya kai ta ofishinsa bayan an tashi? Masu tambayar suna ganin jinkirin nan shi ne shaidar ƙarya. Ni kuwa ina ganin jinkirin yana nuna cewa matar ta san garin da take ciki, ta zauna ta auna abin da za ta samu da abin da za ta rasa, ta ga rasawar ta rinjaya. Wanda yake son ya fahimci matsalar sai ya bi wannan lissafi nata, domin a cikinsa ne ake ganin inda gida da ofis da kotu suka bar ƙofa a buɗe ga azzalumi.

A fara da inda mata suke aiki a birnin nan. Akwai na gwamnati, a sakatariyar Audu Bako da asibitoci da makarantu. Akwai na bankuna da kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji. Amma waɗannan ba su ne mafi yawa ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 'yan shekarun nan sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna aikin da ba ya cikin tsarin hukuma. A Kano wannan na nufin yarinyar da ke tsaron shagon atamfa ko na kayan kwalliya, da malamar makarantar kuɗi ta cikin unguwa, da mai karɓar kuɗi a kantin zamani na titin Zoo, da mai zama a rumfar POS, da matan da ke fita da asuba zuwa masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da masu gyaran riɗi da zoɓo a rumbunan Dawanau, da 'yan aikatau a gidajen masu hali. Akasarinsu ba su da takardar ɗauka aiki. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku, amma je ka tambayi yaran shago nawa suka taɓa ganin irin wannan takarda. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wanda ya ɗauke ta da baki, da baki zai kore ta, kuma babu inda aka rubuta cewa ta taɓa yi masa aiki.

Abin kan zo a hankali, shi ya sa bayaninsa ke da wuya. A ɗauki yarinyar shago a ɗaya daga cikin benayen Kantin Kwari. Makon farko mai gida yana kiranta ƙanwata, yana ƙara mata kuɗin adaidaita. Daga baya sai ya fara cewa ta tsaya a yi lissafin ciniki bayan sauran yara sun tafi. In za ta miƙa masa littafin lissafi sai hannunsa ya daɗe a kan nata. Ƙarfe sha ɗaya na dare saƙo ya shigo ta WhatsApp: “Kin yi barci?” Ta ƙi amsawa, da safe ta tarar da fuska a murtuke, a ce mata turmi biyu sun ɓace, za a cire a albashinta. Ranar da ta amsa da “ina wuni, Alhaji”, maganar turamen ta mutu. Yanzu a ce ta je ta faɗa wa wani. Me za ta ce ya yi? Kowane abu in aka ɗauke shi shi kaɗai yana da fassara mai kyau. Ƙarin kuɗin mota kyautatawa ce, lissafin yamma aiki ne, saƙon dare kulawa ce. Sai an jera su ake ganin albashinta yana hawa yana sauka gwargwadon yadda ta saki fuska.

A masana'antu da rumbuna abin ya fi haka tsirara. Aikin yini ne, a bakin ƙofa ake zaɓen waɗanda za su shiga. Mutum ɗaya ne ke riƙe da takardar sunaye, shi ke cewa ke shiga, ke koma sai gobe. Matar da ta bar yara a gida babu abin karyawa ta san darajar wannan nuni da ɗan yatsa, shi ma ya sani.

Akwai kuma wani mayafi da mai wannan hali ke samu a nan wanda ba ya samu a wurare da yawa, wato maganar aure. A garinmu ba abin kunya ba ne magidanci ya ga mace a wurin aiki ya nemi aurenta, kuma an yi aure da yawa masu albarka ta wannan hanya. Saboda haka da zarar magana ta fara fitowa, kalma ɗaya ta ishe shi: “Ni fa da aure nake sonta.” Nan take zancen ya juya. Wanda ake tuhuma ya koma mai neman halal, ita kuma ta koma mai girman kai, ko wadda ta karɓi kyauta ta ƙi cika alkawari. Har 'yan uwanta mata za su ce mata, to ke mene ne naki, mutum ya zo da maganar arziki? Amma al'adar nan da yake fakewa da ita tana da ƙa'idojinta, kuma kowa ya san su. Mai neman aure yakan nemi iznin zuwa gida, ya turo manya, ya san waliyyi. In aka ce masa a'a yakan haƙura. Ba ya rufe ƙofar ofis da makulli, ba ya riƙe takardar ƙarin girma a aljihun tebur yana cewa sai an daidaita. Da za a riƙa yi wa irin waɗannan mutane tambaya guda, “wa ka tura gidansu?”, da rabin masu wannan da'awa sun yi shiru. Zawarawa su suka fi shan wannan ukuba. Ana ɗaukar bazawara a matsayin wadda ba ta da mai tsaya mata, ga 'ya'ya a gabanta, ga kuɗin haya, kuma in magana ta fito an riga an shirya yarda da mummunan zato a kanta.

Sai dai babban abin da ke riƙe harshen ma'aikaciya a Kano yana gida. Mata da yawa sun fita aiki ne bayan doguwar muhawara. Uba ya ƙi, uwa ta roƙa, wani kawu ya sa baki, aka bari bisa sharaɗin cewa ranar da aka ji wata magana an gama. Matar aure kuma da iznin miji take fita, iznin da yake iya janyewa a daren da ya ga dama. To wannan mace in ta dawo ta ce wa mahaifinta, “Baba, shugabanmu yana damuna,” ta san amsar kafin ta buɗe baki: “Daga yau kin bar aikin.” Ba don uban mugu ba ne. Yana ganin ya kare 'yarsa ta hanyar da ta fi sauri, kuma ya fi ƙarfin zuwa ya tsaya gaban wani darakta. Miji kuwa ko ya yarda da ita ɗari bisa ɗari, wani abu kan zauna masa a rai, ya fara duba wayarta, ya fara tambayar me ya sa yau ta yi kwalliya. Budurwa tana tunanin wanda ya kawo kuɗin gaisuwa, da abin da danginsa za su ji in suka zo bincike a unguwa. Ke nan mutanen da ya kamata su zama na farko da za ta kai wa kuka su ne waɗanda kukan zai sa su yanke mata hukunci irin wanda ogan ke yi mata barazana da shi. Ko ta wace hanya ta bi, aikin ne zai tafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, albashin mace a gidaje da yawa ya daina zama kuɗin anko da adashi. Shi ne kuɗin makarantar yara da buhun masara.

A nan wasu kan ce, ai shi ya sa muka ce mace ta zauna a ɗakinta. Wannan magana tana da sauƙi a bakin wanda yake da abin ciyar da iyalinsa. Ba ta ce komai ba game da marainiya ko wadda mijinta ke kwance ba lafiya. Kuma mu ɗin nan ne muke dagewa sai mace ta duba matanmu a asibiti, sai mace ta karɓi haihuwa, sai mace ta koyar da 'ya'yanmu mata. Ba za a nemi likita mace da ungozoma da malama ba, sannan a ce duk abin da ya same su a wurin aiki su suka ja.

A ce ta yi ƙarfin hali ta tsallake gida. Ina za ta kai ƙarar? A shago ko ƙaramar makaranta, wanda za a kai wa ƙara shi ne wanda ake ƙara. A aikin gwamnati akwai tsari a rubuce, kuma Dokokin Aikin Gwamnati na tarayya sun lissafa irin wannan takurawa cikin manyan laifuffukan da ke iya kai mutum ga kora. Amma al'adar aikin ita ce takarda ta bi ta hannun na gaba da kai. Kokenta zai bi ta teburin wanda take kuka da shi, ko na abokinsa da suke sahu ɗaya a masallacin ofis. Kafin fayil ɗin ya isa inda za a duba shi, masinja ya karanta, mai buga takardu ta karanta, direba ya ji. Shi kuma yana da makamai da ba sa barin tabo: takardar tuhuma kan makara, rahoton ƙarshen shekara mara kyau, cire suna daga jerin masu zuwa bita, sauyin wurin aiki zuwa ƙaramar hukuma mai nisa, wanda ga mai shayarwa daidai yake da kora. Kowanne yana da hujjarsa a takarda. Abokan aikin da suka ga komai da idonsu za su ce ba su lura ba, domin su ma suna jiran sa hannunsa.

In maganar ta ƙi mutuwa sai a kira sulhu. Sulhu abu ne mai daraja a wurinmu, ya kashe wutar rigingimu da kotu ba za ta iya ba, kuma Hukumar Hisba da aka kafa a 2003 da masu unguwanni suna yin sa kullum. Amma a irin wannan magana yana da siffar da ya saba ɗauka. Za a tara dattawa, a ce sharrin shaiɗan ne, a tuna mata cewa mutumin yana da mata da 'ya'ya, a ce ta rufa masa asiri Allah Ya rufa nata. Wani lokaci a haɗa da ɗan abin da aka kira kuɗin mota. Ya ce a yi haƙuri in an ga kuskure, ba tare da ya ambaci kuskuren ba. A shafa fatiha. Washegari ya koma kujerarsa, ita kuma ta zama wadda kowa ke yin shiru in ta shigo, har ta gaji ta ajiye aikin da kanta. Asirin da aka rufa nasa ne, domin nata ya riga ya zaga ofis. Kuma da yake ba a rubuta komai ba, wadda za a ɗauka a gurbinta za ta fara daga inda wannan ta fara, shi kuwa ya ƙara sanin iyakar abin da zai iya biyo baya.

Ta fuskar doka, abin da ke akwai ya fi yadda mutane ke zato yawa, sai dai yana nesa da matan da suka fi buƙatarsa. Gyaran da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar nuna bambanci da takurawar neman lalata a wurin aiki, a sashe na 254C, kuma kotun tana da reshe a nan Kano. A 2013 wannan kotu, a zamanta na Legas, ta yanke hukuncin da lauyoyi ke kafa hujja da shi har yau. Wata ma'aikaciyar Microsoft a Najeriya ta yi ƙarar cewa an sallame ta ne saboda ta ƙi amincewa da shugabanta, kotu ta ba ta gaskiya, ta sa a biya ta diyyar miliyoyin naira, kuma ta ɗora alhakin har a kan kamfanin saboda bai kare ta ba. Ƙa'idojin kotun na 2017 sun fayyace cewa abin ya haɗa da taɓa jiki, da kalamai, da ishara, da ɗaura ƙarin girma ko ci gaba da aiki a kan biyan buƙata. A 2022 kuma Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki, wadda ta game har da masu aikin da ba na hukuma ba da masu neman aiki da masu koyon sana'a. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci da rashawa tana ɗaukar neman lalata da ƙarfin kujerar gwamnati a matsayin cin amanar ofis, kuma ta wannan hanya aka ɗaure wani farfesan Jami'ar Obafemi Awolowo a 2018.

Duk wannan gaskiya ne. Amma matar da ta yi nasara a kan Microsoft tana da takardar ɗauka aiki da ta sallama da lauya da ƙarfin jiran shari'a. Mai gyaran zoɓo a Dawanau sai ta fara tabbatar wa kotu cewa ta taɓa aiki a wurin. Dokar Ƙwadago da ake aiki da ita tun shekarun 1970 ba ta ambaci wannan laifi ba sam. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta hukunta tilastawa da tsoratarwa da bibiya da cin zarafi da kalamai, amma Abuja kaɗai ta shafa sai jiha ta mayar da ita tata. Kusan duk jihohi sun yi hakan, Kano kuwa har 2024 ba ta yi ba, ana ta muhawara kan yadda za a daidaita ta da addini da al'ada. Abin da ya rage a hannun ɗan sanda shi ne tanade-tanaden Final Kod na 1960, wato kundin hukunta laifuffuka na Arewa, kan keta mutuncin mace, waɗanda aka rubuta su ba da tunanin oga da albashi ba. Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala tana karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe da makamancinsa, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam suna karɓar koke. Amma yawancin abin da muke magana a kai bai kai ga raunin da likita zai rubuta ba.

Akwai wani tsoro na daban da ke hana mata magana, wanda ya samo asali daga gurguwar fahimtar addini. Mata da yawa sun ɗauka duk wadda ta zargi namiji da wani abu na lalata sai ta kawo shaidu huɗu, in ba haka ba bulala tamanin ta hau kanta. Mazan da ke da abin ɓoyewa suna jin daɗin wannan fahimta, har su yi barazana da ita. Haddin ƙazafi da ke cikin Suratun Nur yana kan wanda ya jefi wani da zina ne. Wadda ta ce ya riƙe mini hannu, ya turo mini maganar banza, ya hana ni haƙƙina don na ƙi shi, kukan zalunci ta kawo, kuma malaman fiƙihu sun sa irin wannan a babin ta'aziri, inda alƙali ke duba shaidu da alamomi. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta hana bayyana mummunar magana, amma ta togace wanda aka zalunta. Ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da kowane ɗan makarantar allo ya sani, ta faru ne tsakanin mai iko a gida da wanda ke ƙarƙashin ikon, a bayan ƙofofin da aka kulle, babu shaidar ido. Ta hanyar alama aka gane gaskiya, wato rigar da ta yage ta baya. Kuma duk da gaskiyar ta bayyana, wanda ba shi da ƙarfin ne ya tafi kurkuku. Ina mamakin yadda ake yawan karanta wannan ƙissa a wa'azi don a nuna makircin mata, ba a cika karanta ta don a nuna abin da mai iko ke yi wa na ƙasa da shi ba.

Wannan ba ya nufin duk wadda ta yi zargi ta faɗi gaskiya. Ana yin ƙage, kuma ƙage yana rusa mutum da iyalinsa. Amma mai tsoron ƙage shi ya fi kowa buƙatar a samu wurin da za a binciki magana a tsanake, a ji ɓangare biyu, a duba waya, a rubuta sakamako. Rashin irin wannan wuri ne ke tura mata Facebook da TikTok, inda babu mai bincike. An ga haka a farkon 2019 lokacin da matasan Arewa suka fara ba da labaransu ƙarƙashin #ArewaMeToo. Sunaye sun fito, wasu sun ji kunya, amma cikin 'yan kwanaki 'yan sanda suka kama ɗaya daga cikin matan da ke gaba a tafiyar a Kaduna, kuma masu magana sun sha zagi har a gidajensu. Ɓata suna laifi ne a Final Kod, an kuma sha amfani da dokar laifukan intanet ta 2015 a kan masu wallafa zargi. Mai kuɗi yana iya juya ƙarar cikin yini guda, wadda ta yi kuka ta kwana a ofishin 'yan sanda tana neman mai belinta.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne waya. Mai neman lalata a da yana magana ne iska ta kwashe, yanzu yana rubutawa da hannunsa, yana turo murya. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a karɓi irin waɗannan a kotu in an cika sharuɗɗanta. Matsalar ita ce abin da mace ke fara yi in saƙon banza ya shigo shi ne ta goge shi, don kada miji ko yaya ya gani ya fassara shi yadda ba haka ba. Tsoron gida ya sa ta share hujjar da za ta cece ta a waje. Da ta samu mutum ɗaya amintacce, yaya ko gwaggo ko lauya, da za ta tura wa saƙon a ranar da ya zo, da labarin ya bambanta.

Gyaran da nake ganin zai yi aiki a Kano ba sai an jira majalisa ba. A ma'aikatu da asibitoci da manyan makarantu, a samar da inda koke zai shiga ba tare da ya bi ta teburin shugaban sashe ba, da mace a cikin masu karɓarsa, kuma a hana sauya wa mai koke wurin aiki ko ba ta takardar tuhuma har sai an gama bincike. Masu sulhu su riƙa rubuta abin da aka yi da sunan wanda aka yi da shi, domin in sunan ya dawo karo na biyu a san ba sharrin shaiɗan na rana ɗaya ba ne. Kasuwanni kamar Kwari da Sabon Gari da Singa suna da shugabanni da ke raba rigimar bashin miliyoyi a zama ɗaya, suna iya sauraron yarinyar shago in sun ga dama. Wahalar ita ce wanda za a kai ƙara sau da yawa shi ne mai biyan kuɗin ƙungiya, wani lokaci ma yana cikin masu zaman. Shi ya sa wanda zai karɓi koken a kasuwa dole ya zama ba ɗan kasuwar ba ne, kuma ya zama yana da inda zai miƙa maganar in shugabannin suka ce a bar ta.